Sanarwa Ga Waɗanda Ba Sa Jin Mu

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara maka buɗi a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidan ya warke daga ciwon bayan, har ya koma aiki. Na je ƙauye na duba Inna, jikin da sauƙi, idanun ne dai sun tafi gaba ɗaya, yanzu ko inuwar mutum ba ta gani.

Ka ce Inna ta tambaye ka a waya ko korata aka yi daga gidan rediyo. Ba a kore ni ba, Yaya, kullum da safe ina gaban makirufo ina ta zuba. Muryar ce ba ta ƙetare dutse. Ka san ƙaramin gida irin namu ba shi da turken watsa shiri na kansa, haya muke yi. Da can kamfanoni biyu ne masu turaku, in wannan ya ɗaga mana hanci sai mu ce za mu koma wancan, nan da nan ya shiga taitayinsa. To bara suka haɗe suka zama ɗaya. Ba a rufa wata biyu ba suka sauko da eriyarmu daga ƙololuwa zuwa ƙugun turke, suka ɗora ta wani babban gidan talabijin a gurbinmu. Tun ranar duk ƙauyukan bayan dutse, har da namu, in sun murɗo tasharmu ba abin da suke ji sai shuu.

Hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo, wadda ta sa hannu aka yi haɗewar, ta ce kada kowa ya damu, ta naɗa mai sasanci da zai raba gardama tsakanin kamfanin da masu haya. Kai kuma ka aiko mini da murna cewa ai abokinka ne Mai-Kwat, in je kawai, ɗan gida ne. Na je, Yaya. Ofishinsa a saman benen kamfanin yake, su ke biyan albashinsa, hatta kofin da aka ba ni ruwa tambarinsu ne a jiki. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ya yi ƙiba, wuya ya ninku, yana juyi a kujera yana kirana Hajiya, kamar ba shi ne yake raɓewa a zaurenmu da yunwa Inna tana zuba masa abinci a kwanonka ba.

Da manajanmu ya gama bayani, sai gogan naka ya gyara tabarau ya ce shi ba ya aiki da jita-jita, ƙa'ida ta ce sai an ji daga bakin masu sauraro. Saboda haka ya umarce mu mu riƙa sanarwa a tasharmu cewa duk wanda ba ya jin mu ya kira lambar ofishinsa ya kai kuka. Na ɗauka wasa yake, har na fara dariya, sai na ga sakatariyarsa tana rubutawa. Na ce masa wanda ba ya jin mu ta ina zai ji sanarwar. Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, amma ba ta cikin hurumin ofishinsa. Wallahi da bakina na yi wata guda ina karanta wannan shirme, ina jin mai haɗa sauti yana ƙyaƙyata dariya a bayan gilashi.

Manaja ya ɗauko hayar mota ya kawo dattawa daga bayan dutse su yi shaida. Aka tsayar da su a bakin ƙofa, wai ƙorafi ta waya aka ce, ba da ƙafa ba. Da suka kira daga nan bakin ƙofar, sai aka ce tunda sun san lambar, alama ce sanarwa ta kai gare su, ke nan suna jin mu. Makon jiya hukunci ya fito a takarda mai sheƙi: ba a samu ƙorafi karɓaɓɓe ko ɗaya ba, don haka watsa shiri yana tafiya yadda ya kamata. Hukuma ta buga hatimi, har da yaba masa kan saurin aiki. Ban taɓa raina ilimi ba sai a kan mutumin nan.

Ni ba kujerata nake ji ba. Da na kwana a ƙauye, Gwaggo ta gaya mini abin da ya hana ni cin abinci. Kullum in lokacin shirina ya yi, Inna takan lalubo rediyonta ta kunna, ta kara a kunne, ta zauna tana sauraron shuu ɗin nan har lokacin ya cika. Sannan ta kashe ta ce Allah ya yi mini albarka, kamar yadda ta saba. Wani lokaci takan ce wai ta san ina ciki, ƙarfin kunnenta ne ya ragu. Tun da ta ji an kai maganar eriyarmu gaban Mai-Kwat ta sa rai, ni kuwa ban iya gaya mata an rufe maganar ba, kai ma don Allah kada ka gaya mata.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, da Auta mai rigima. Maigidan da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, ta kuma ce a miƙa gaisuwa ta musamman ga ɗanta Mai-Kwat, wai tun yana yaro ta ga alamar adalci a goshinsa, ta san shi zai dawo mata da muryata. Wannan gaisuwar bakina ba zai iya ɗaukarta ba. Abokinka ne, kai ka kai masa.

Taka har kullum,
Ƙanwarka ta gidan rediyo