Wayoyin da Na Ja da Hannuna

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya Anti Rabi da yara, ya ruwan Fatakwal? Ƙafar Inna da sauƙi, alhamdu lillahi.

Yaya, raina a ɓace yake. Wata makaranta a nan Dutsin-Ma ta nemi mai kula da netwok ɗin kwamfutocinta, na je intabiyu. Ni na ja musu wayoyin nan bara, aji-aji. Shugabar ta ce, "Malam Nura, mun san aikinka, amma ina satifiket?" Shekara shida ina koyon aikin nan a shagon Oga, amma da goro da addu'a Oga ya yaye ni, ba takarda. Suka ɗauki mai difloma.

Yanzu Baba ya ce in koma Birchi noma. Ni kwas nake so in yi a Kano, in zana jarrabawa. Don Allah ka roƙe shi, maganarka yake ji.

Jiya sabon ma'aikacin ya kira ni, wai wace waya ce ta nufi ofis. Na kuwa gaya masa, Yaya. Har yanzu haushin kaina nake ji.

A sa ni a addu'a. Ka gaida su Kawu.

Ƙaninka,
Nura