Bencin Ranar Asabar

Zuwa ga Baban Babba, bakanike,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka.

Ba ka san ni ba. Ni ce malamar da mishan ke turowa gidan gyaran hali na yara kowace Talata da Asabar. Ina koya musu karatu da rubutu, mu yi waƙar yabo, mu yi addu'a. Yaran suna kirana Mama Alli, wai hannuna ya fi allo shan alli. Ɗanka Babba yana ajina, wata bakwai ke nan.

Na karanta takardunsa. An rubuta cewa ya saci makullin wata mota a garejinka, ya ja ta da baya, ya taka ƙanwarsa, ta rasu. Allah ya ba ku haƙuri. Ban rubuto don in fama maka ciwo ba.

Abin da nake gani ne ya hana ni yin shiru. Ran Asabar ake ziyara. Akwai wani dogon benci a bakin ofishin gandiroba, inda yara ke jira a kira sunansu. Babba kan wanke rigarsa tun Juma'a. Shi ke fara zama, shi ne na ƙarshen tashi, kuma ba a taɓa kiransa ba. Makon jiya na ce ya taso mu shiga aji, sai ya ce, "Mama, ai Asabar gareji kan cika. Wataƙila sai Baba ya sallami mutane."

Shekararsa goma sha huɗu fa. Don Allah ka zo, ko na minti goma ne.

Ka huta lafiya.
Malamar mishan

Malama,

Na ga takardarki. Muna nan yadda Allah ya so. Aikinki yana da kyau, Allah ya saka.

Amma ki bar maganar nan. Ni da kaina na kama hannunsa na kai shi wurin 'yan sanda. Uwarsu har yau kwano biyu take zuba wa yara abinci, sai ta ajiye sannan ta tuna, ta tsaya tana kallonsu. Coci ma mun daina zuwa, na gaji da "sannu, sannu". Ba ni da abin da zan je in faɗa masa.

Kada ki sake wahalar da kanki.

Bakanike

Zuwa ga Baban Babba,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Ka ce kada in sake rubutowa, ga shi na sake. Ka yafe mini, tsufa ya zo mini da naci.

Zazzaɓi ya kwantar da Babba kwana biyar a ɗakin jinya. Ya ji sauƙi yanzu, har ya gyara mana famfon bayan aji da ya shekara yana ɗiga. Yaran sun sa masa suna Injiniya.

Ran Talata ina zaune a bakin gadonsa, ina goga masa tsumma mai sanyi a goshi, sai ya fara sambatu. Sau uku yana cewa, "Baba, na ce maka ƙafata ba ta kai birki." Da ya farfaɗo na tambaye shi ma'anar maganar. Ya juya fuska bango, ya ce, "Zazzaɓi ne, Mama." Ban matsa masa ba, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Ga ainihin dalilin takardar nan. Ƙarshen wata alƙali zai sake duba shari'arsa. Idan babu uba ko uwa da ya tsaya masa, za a mayar da shi gidan manyan yara, can nesa, har ya cika sha takwas. Mishan ba ta zuwa can. Na roƙi fasto ya tsaya masa, aka ce sai na jini.

Ina yi muku addu'a kullum, ku uku.
Malamar mishan

Malama,

Ina gaisuwa. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa. Ki yi haƙuri da baƙin man da ya ɓata ta, a gareji nake rubutawa, ba na so uwarsu ta gani.

Ba zazzaɓi ba ne. Bai saci makulli ba. Ni na ba shi.

Ina ƙarƙashin wata mota ranar, mai ita yana tsaye a kaina yana ta azalzala. Na jefa wa Babba makulli, na ce ya matsar da ɗayar motar baya. Ya ce ƙafarsa ba ta kai birki. Na daka masa tsawa, na ce ɗan bakanike ne yake wannan maganar? Ban san 'yar autata ta kawo mini ruwa ba, tana tsugune a bayan motar tana wasa da murfin kwalba.

Da 'yan sanda suka tambaya, bakina ne ya ce sata Babba ya yi. Tsoro nake ji, na kurkuku da na idon uwarsu. Yana tsaye a gefena. Ya ɗago ya kalle ni, sannan ya ce musu, "Haka ne."

Malama, ba ƙinsa nake yi ba. Kallon nan ne ba zan iya sake gani ba. Ke da kike koya musu gafara, akwai ta ga irina?

Jiya na je ofishin lauya na faɗi komai. Ya ce wataƙila a saki Babba, ni kuma a tsare ni. Yau zan faɗa wa uwarsu. Ran Asabar zan zo. Ki gaya masa, ko kuma kada ki gaya masa, yadda kika ga ya fi.

Na gode.
Baban Babba

Baba,

Ina wuni. Mama Alli ce ta ba ni takarda, amma rubutun nawa ne.

Ran Asabar ban zauna a benci ba, ina aji na ji an kira sunana. Na leƙa ta tagar aji, na gan ka riƙe da leda. Ka rame, Baba. Na tashi zan fito, sai na koma na zauna. Ba fushi ba ne. Ban san ko mene ne ba.

Gandiroba ya ba ni takalman da ka bar mini a ledar. Sun yi mini kaɗan, na ƙara tsawo. Kada ka canza su, zan ajiye.

Ka ce wa Mama ta gida ina gaishe ta. Ka tambaye ta ko zan iya rubuto mata.

Ɗanka,
Babba