Da Gangan Na Haɗa Su

Ummukulthum,

Sannu da aiki, ƙanwata. Yini guda na yi ina soya gyaɗa mai gishiri, da cincin, da aya mai sukari, da kwakwa, na cakuɗa su a roba ɗaya don rabon Sallah. Yau da safe na tarar kin zauna kin tsince su ɗaya bayan ɗaya, kowane iri da kwalbarsa, har da rubuta suna a jiki. Shekara goma sha huɗu ina koyar da yara tsari, ban taɓa samun ɗalibar da ta kai ki ba. Allah Ya yi albarka.

Sai dai yanzu gidan Malam Jinaidu gishiri zalla za su samu, su kwana shan ruwa.

Na tafi wurin tela. Da azahar Malama Rahila za ta zo karɓar na malaman makarantarmu. Idan kin tashi, don Allah ki juye komai a babbar roba, ki gauraya, ki sake cika kwalaben. Idan abin ya yi miki wuya, tambayi Nusrat. Shekararta shida, amma ta gane tare ake cinsu.

Yayarki