Chidi, babur ɗinmu ya kai Argungu

Zuwa ga aminina Chidi,

Ina gaishe ka gaisuwar girma da zumunci, kai da iyalinka da mahaifinka, da fatan jikin nasa ya yi sauƙi. Ni ne Bello mai gyaran injin ban-ruwa, maƙwabcin shagonka a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kabi. Na rubuta wannan a fili inda kowa zai gani, domin lambarka ta daina shiga, kuma ban san wata ƙofa da zan ƙwanƙwasa ba.

Labari nake son ba ka. Babur ɗin ya tashi, kuma na je Argungu a kansa.

Ka san yadda abin ya faro, amma bari in maimaita, don a bakina kawai yake yawo yanzu. Ranar da ka raka ni tasha zan je Argungu gaida Inna, ka ga yadda ’yan kamasho biyu suka ɗauke ni, ɗaya ta hammata, ɗaya ta ƙafafun nan nawa da shan-inna ya shanye tun ina yaro, suka cusa ni bayan mota kusa da buhun albasa. Kekena na hannu aka bar maka ka mayar rumfata, don ba wurinsa. Ni na saba. Kai ne ka tsaya kana kallo, ba ka ko ɗaga mini hannu ba da motar ta tashi.

Da na dawo sai na tarar da wani tsohon inji a kan tabarmata, duk ya yi baƙi, an ɗaure shi da igiyar roba. Injin tsohon babur ne mai hayaƙi, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ka ce a wurin masu gwangwan ka tsinto shi. Ka ce da ni, da Kabancin nan naka da ya fi na wasu ’yan gari: “Bello, kai ka gyara ma mutane inji su sha ruwa, kai kau ana ɗaukar ka kamar kaya? Wanga abu ya ƙare.”

Na yi dariya a ranar. Ban ɗauka da gaske kake ba.

Kekena ba zai iya ɗaukar injin ba, ƙarfensa siriri ne. Sai ka samo gangar jikin wani babur daban da mota ta take wa baya. Injin na wani gida, jikin na wani gida, ramukan ƙusoshinsu ko kusa ba su haɗu ba. Muka yi ta gwadawa da kwali, kana yankawa ina zanawa, har muka fitar da ƙarafan da za su riƙe shi. Malam Garba mai walda ya yanke bayan, ya shimfiɗa ƙarfe, muka sa tayoyi biyu don kada ya faɗi da ni. Giya da birki, duk abin da ake takawa da ƙafa, muka ɗago shi zuwa hannu. Kik ɗin tayar da injin ma ka sa aka ƙara masa dogon ƙarfe, in riƙa fizga kamar mai jan guga.

Na tuna gardamar da muka yi a kan kujerar baya. Na ce nauyi ne kawai, a bar ta. Ka ce ko kusa. Ka ce ranar farko kai ne fasinja, kuma za ka zauna ka harɗe kamar alhaji, gurgu ya tuƙa mai ƙafa, duk Birnin Kabi su gani.

Ana cikin haka aka kira ka daga gida, mahaifinka ya faɗi, rabin jikinsa ya mutu. Ka rufe shago da rana tsaka. Ka miƙo mini jakar sufanunka, ka ce in riƙe, bayan Kirsimeti za ka dawo mu ƙarasa. Da farko muna waya. Daga baya sai ta riƙa ringin ba a ɗauka. Daga baya kuma sai muryar matar nan mai cewa ba a samun lambar.

Na tambayi ’yan uwanku na layin kayan gyara. Wani ya ce kana Anaca, wani ya ce ka ƙetare ruwa, wani ya girgiza kai kawai ya ci gaba da ƙirga fulogi. Ban san wanda zan gaskata ba.

Na rufe babur ɗin da buhu, damina ta wuce a kansa. Ina ganin in na taɓa shi kamar na yarda ba za ka dawo ba. Amma sai aka aiko mini cewa idon Inna ya ƙara dushewa, tana ta tambayata. Na tuna tasha. Washegari na yaye buhun.

Aikin bai fi ƙarfin kaina ba, Chidi, hannu ne ya yi mini kaɗan. Akwai doguwar ƙusar nan da ta ratsa ƙarƙashin injin, wadda sai wani ya riƙe kanta ta can kafin a ɗaure ta nan. Kullum kai ke riƙewa. Na kwanta a ƙasa, na sa sufana, na tokare ta da dutse. In na murɗa sai dutsen ya zame. Na sake, ya sake zamewa. Mutane na wucewa, kuma na san duk wanda na kira zai tsaya. Ban kira ba. Na daɗe kwance a wurin ina kallon ƙofar shagonka da kwadon da ya fara tsatsa.

Sarƙa ta ba ni wahala, tana ta zamewa don injin ya ɗan karkace. Sai da na sassauta komai na sake daidaitawa da zare. Ranar da ya tashi, ya yi tari sau biyu, sannan ya kama da ƙarar nan mai kaifi, shuɗin hayaƙi ya cika rumfa. Masu shayi suka yi ta tafi. Ni kuwa na juya dama, inda kake tsayawa, bakina a buɗe zan yi magana.

Ranar Juma’a da hantsi na kama hanya. Ban taɓa sanin iska tana da nauyi haka a ƙirji ba. Duk tafiyar da na yi a duniya, ta tagar mota na ga hanyar nan, ko ta tsakanin kafaɗun mutane. Ran nan na ga fadama shimfiɗe har inda ido ya tsaya, na tsaya inda na ga dama, na tashi lokacin da na ga dama.

A Ambursa ya mutu mini. Ashe baƙin man da na zuba ya yi yawa, fulogi ya jiƙe. Na sauko na zauna a gefen titi ina gogewa, manoma masu shanyar shinkafa suka kewaye ni suna leƙen ƙarƙashinsa. Wani dattijo ya ce: “Wa ya haɗa maka wanga?” Na ce ni da wani abokina. Ya ce: “To shi ina shike?” Na ci gaba da goge fulogin da ya riga ya bushe.

Da na shiga lungunmu a Argungu, ƙarar ta riga ni isa. Inna ta fito tana dafa bango. Karon farko tun ina yaro da na zo ƙofar gidanmu ba a kan hannun kowa ba. Ta shafa tankin, ta shafa fitila, ta kai hannu wajen salansa na riƙe ta don da zafi. Ta ce: “Kai kaɗai ka taho? Ba wanda ya kawo ka?” Na ce ba kowa, Inna. Ta zauna a dakali ta rufe fuska da mayafi.

Da ta natsa sai ta tambaye ka. Ba ta manta maganin ciwon gwiwar da ka taɓa aiko mata ba. Ta ce: “Ina ɗana Cidi? Mi ya hana shi zowa?” Na ce ka yi tafiya. Ban ƙara komai a kai ba, don iyakar abin da na sani ke nan.

Da zan dawo ta ba ni ƙullin busasshen kifi, ta ce naka ne, in ce ka sa a miyar nan taku mai ganye. Ta ja mini kunne kada in ci. Na karɓa. Yana nan rataye a rumfa, ina sauke shi in shanya in mayar, saboda ƙwari.

An ba wani shagonka. Mai sayar da buhunan taki ne, mutumin kirki, muna gaisawa. Ya yi fenti. Da azahar yakan turo mini ruwan sanyi, amma ba ya zama.

Ba na jin haushinka. Na san ɗawainiyar uba ba wasa ba ce, kuma na san duniya takan juya mutum har ya rasa bakin da zai kira aboki. In wahala ce ta sa ka yi shiru, ni ba baƙon wahala ba ne, ba abin da za ka faɗa mini in raina ka. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban sani ba ko kana raye.

Allah ya ba mahaifinka lafiya, in kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya tsare ka duk ƙasar da kake, ya buɗa maka, ya haɗa ka da maƙwabci irin wanda ka zame mini. Duk wanda ya karanta wannan kuma ya san wani Chidi, dogo, mai tabo a haɓa, mai jin Hausa kamar a Kabi aka yanke masa cibiya, don Allah ya nuna masa.

Lambata ba ta canja ba. Ba sai ka yi magana ba, Chidi. Ko fulashin ka yi mini, zan gane.

Naka har kullum,
Bello