Ƙorafi Kan Hana Rukayyat Yamusa Maganinta

Daga:
Malam Yamusa Saleh,
Gida na huɗu bayan masallacin Juma'a,
Durumi, Abuja.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Sa Ido Kan Ƙananan Asibitoci,
Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Litinin, 15 ga Yuli, 2019.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA MAGANIN 'YATA, RUKAYYAT YAMUSA, A ƘARAMIN ASIBITIN TSAMIYA BIYU, BAYAN TA NEMI TAIMAKO KAN SHAN ƘWAYA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya. Ni ne mai suna a sama, tsohon akawu a sashen ajiye takardu na wata ma'aikatar tarayya, na yi ritaya a shekarar 2014. Ina rubuta wannan takarda ne a madadin 'yata Rukayyat, mai shekara talatin da ɗaya, da saninta da kuma yardarta. Na karanta mata ita kafin in sa hannu, ba ta ce in cire komai ba.

Rukayyat tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. An gano haka a watan Oktoba na 2016, sati uku bayan rasuwar mijinta. Tun daga lokacin ta dawo gidana da zama, aka buɗe mata kati a asibitin da na ambata, take karɓar magani a ranakun Talata. Cikin shekara biyu da wata uku ba ta taɓa tsallake ranar da aka ba ta ba. Awon jinin da aka yi mata a watan Nuwamba na 2018 ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta ƙwarai, har ma'aikaciyar da ke ba marasa lafiya shawara a lokacin, Madam Helen, ta mayar da ita cikin masu karɓar maganin wata uku a tashi ɗaya. Tana koyarwa a wata makarantar yara mai zaman kanta. Da ƙafarta take zuwa, da ƙafarta take dawowa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tun bayan takaba ta fara shan maganin tari mai kodin don ta samu barci. Da aka hana sayar da shi, sai ta koma tiramol. Ba na rubuta wannan don in wanke ta ba. Haka abin ya faru, kuma ita ce da bakinta ta fara faɗa, ba kama ta aka yi ba. Ga ƙorafina daki-daki:

1. Ranar Talata, 15 ga Janairu, 2019, Rukayyat ta je karɓar magani. Ta tarar an yi wa Madam Helen canjin wurin aiki zuwa Kwali, an kawo wani sabon jami'i. Madam Helen ta sha gaya musu cewa duk mai shan wani abu ya faɗa, domin a san yadda za a taimake shi, kuma akwai takarda manne a bangon ɗakin jira da ke faɗin haka. Rukayyat ta ce ta yi wata biyu tana tara ƙarfin hali. Ta gaya wa sabon jami'in cewa tana shan tiramol kullum, ta yi ƙoƙarin bari ta kasa, tana son a taimake ta. Labule ne kawai tsakanin teburinsa da bencin masu jira. Ya maimaita abin da ta faɗa da ƙarfi, ya kira wata nas daga ɗakin allura ya ce ta zo ta ga malamar makaranta mai hijabi da ke shan ƙwaya. A kan bencin akwai mutum fiye da ashirin. Ɗaya daga cikinsu uwar wani ɗalibinta ce.

2. A wannan rana ya ɗauki jan biro ya rubuta kalmomi biyu na Turanci a bangon fayil ɗinta, manya, waɗanda ma'anarsu ita ce 'yar ƙwaya. Ba a ciki ya rubuta ba, a waje, inda duk wanda ya ɗauki fayil ɗin zai gani, har da mai shara.

3. Ya rage mata magani daga na wata uku zuwa na sati biyu, ya ce kada ta dawo sai da uba ko miji. Ta ce masa mijinta ya rasu. Ya ce to uba. Ta haka ne labarin ya iso gare ni. Ta gaya mini da yamma bayan na dawo daga masallaci, tana tsaye a bakin ƙofa. Ina sanar da Yallaɓai, don kada takardar nan ta nuna kamar laifin wasu kaɗai na gani, cewa na yi kwana goma ban yi mata magana ba. Takan ajiye mini abinci, in ci, ta zo ta ɗauke kwanon. A rana ta goma sha ɗaya na tambaye ta yaushe ne ranar komawa.

4. Ranar Talata, 29 ga Janairu, muka je tare. Jami'in ya yi mana wa'azi na kusan rabin awa a kan tarbiyya. Ban katse shi ba. Da ya gama na tambaye shi wane taimako asibitin yake da shi ga mai son bari. Ya ce wannan ba aikinsu ba ne, aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne. Ya rubuta mana takardar turawa zuwa wani babban asibiti a cikin gari, ya ba ta maganin ƙarin sati biyu.

5. Mun kai takardar ranar 4 ga Fabrairu. Aka ce babu hatimi a kanta, ba za a karɓa ba. Muka koma Tsamiya Biyu ranar 5 ga wata, aka ce hatimin yana hannun shugaban asibitin, ya tafi taron bita. Muka koma ranar 12, aka ce ya dawo amma makullin durowar yana gida. Ranar 19 aka buga hatimin. Da muka mayar da takardar babban asibiti, sai aka ba mu ranar ganin likita a watan Satumba. Na nuna wa ma'aikacin da ya ba mu ranar cewa wata bakwai ke nan. Ya ce ya sani.

6. Wannan shi ne babban abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata, 12 ga Maris, jami'in ya shaida wa Rukayyat a gabana cewa ba za a ƙara ba ta maganin cutarta ba sai ta kawo shaida a rubuce cewa ta fara ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce ba za a riƙa ɓarnar maganin gwamnati a kan wadda ba ta damu da ranta ba. Na nuna masa katin da ke ɗauke da ranar Satumba. Ya ce kati ba shaida ba ce. Na roƙe shi ya nuna mini dokar da ta ce haka, ko ya rubuta mini wannan hukunci a takarda ya sa hannu. Ya ce in fita, akwai mutane a layi. Daga wannan rana zuwa yau, wata huɗu da kwana uku, 'yata ba ta sha maganinta ba.

7. Saboda ta cika sharaɗin da aka gindaya, Rukayyat ta yanke shawarar daina tiramol ɗin gaba ɗaya a rana guda, ba tare da kulawar kowa ba. Babu wanda ya gaya mana akwai haɗari a yin haka. Ta yi kwana huɗu tana amai da gudawa da rawar jiki. A rana ta biyar da hantsi ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, ta fasa haɓa a bakin rijiya. An yi mata ɗinki uku a wani kemis. Bayan sati guda ta koma sha. Na sani, domin ta gaya mini.

8. A ƙarshen watan Maris makarantar da take koyarwa ta sallame ta. Ba a rubuta dalili ba. Mai makarantar ta ce iyaye ne suka yi magana.

9. Ranar Alhamis, 16 ga Mayu, ma'aikata biyu daga asibitin suka zo unguwarmu a kan babur suna neman marasa lafiyar da suka daina zuwa karɓar magani. Ba su gane gidan ba, sai suka riƙa tambaya daga shago zuwa shago, ɗayansu yana riƙe da fayil ɗin a hannu, jan rubutun yana waje. Da suka same mu, suka tambayi Rukayyat me ya sa ta guje wa magani. Ta dube su. Ni na yi musu bayani. Suka ce ba su da labarin haka, za su kai rahoto. Suka ba ni wata takarda in sa hannu cewa an ziyarce mu. Na sa.

Halin da ake ciki yanzu shi ne, Rukayyat ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Tana tari tun kafin ƙaramar salla, kuma bakinta ya yi fari ta ciki, ba ta iya haɗiye tuwo sai kunu. Ba ta kuka, ba ta faɗa. Takan zauna a kan tabarma ta fuskanci bango. Na nemi in mayar da ita wani asibiti, aka ce sai da takardar canji daga inda katinta yake, wato daga hannun wannan jami'i. Maƙwabta sun daina aiko yaransu ɗiban ruwa a gidanmu. Mutane suna tambayata yadda nake ji. Ina tashi, in yi salla, in dama mata kunu, in rubuta kwanan wata.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon Yallaɓai:

(a) Ya ba da umarni a rubuce a mayar wa Rukayyat Yamusa maganinta ba tare da wani sharaɗi ba, a kuma duba tarin da bakin, a sake yi mata awon jini.

(b) A canza mata bangon fayil. Wannan ita ce ta ce in saka.

(c) A samar da wani ma'aikaci a asibitin, ko da sau ɗaya ne a wata, wanda ya san yadda ake taimakon mai son barin ƙwaya sannu a hankali, a ɗaki mai ƙofa. Idan hakan ba zai yiwu ba, a cire takardar da ke bangon ɗakin jira wadda ke cewa mutane su faɗi gaskiya. Waɗanda suke kan bencin ranar 15 ga Janairu sun ga abin da ya biyo baya, kuma ba na jin akwai wanda zai ƙara buɗe baki a cikinsu.

(d) A binciki ko akwai wasu da aka dakatar wa magani a kan irin wannan dalili. Ban nemi a kori kowa ba.

Na haɗa da kwafin katinta, da takardar turawa mai hatimin 19 ga Fabrairu, da sakamakon awon Nuwamba.

A ƙarshe ina sanar da Yallaɓai cewa Rukayyat ta yarda ta sake zuwa asibitin sau ɗaya, ranar Talata, 23 ga Yuli. Ta ce idan aka sake mayar da ita gida babu magani ba za ta ƙara taka wurin ba, kuma na san 'yata, ba za ta ƙara ba. Za mu kasance a can tun ƙarfe bakwai na safe. Jiya ta tambaye ni ko wannan takarda za ta yi amfani. Na ce mata ban sani ba. Ta ce to, in wanke mata hijabinta mai ruwan toka, ita ba ta da ƙarfin wanki. Na wanke, yana kan igiya.

Allah Ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, Ya yi masa jagora a kan aikinsa.

Naka mai biyayya,

Yamusa Saleh
(Mahaifin marar lafiya)