Kofin da Na Miƙa wa Malam Pei

Zuwa ga Zong Weiren, shugaban Makarantar Ruwa Kwance

Ƙanena Weiren,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Guilan da duk mai cin abinci a gidanka. Da fatan sanyin bana bai shiga ƙashinku ba a can kan dutse. Ni gwiwoyina kullum cikin gunaguni suke, amma har yau su ke kai ni bakin kogi kafin rana ta fito.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban taɓa zama a aji ba, a jikin buhunan gishiri na koyi ɗan abin da na iya.

Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa ta ƙi wucewa. Ranar da Malam Pei, malaminmu na wasan motsa jiki na taici, ya rasu, ni na sa masa tufafinsa na ƙarshe. Ni na ɗauki gaban akwatin, kai kana biye da hotonsa a ƙirji kana lura kada laka ta ɓata maka takalmi. Da aka kafa dutse a kabarinsa na je da turarena, na bi sunayen ɗalibansa da yatsa daga sama har ƙasa. Na sake bi daga ƙasa har sama, ina zaton jahilcina ne. Naka ne na farko. Har Han mai faffaɗan kunne yana ciki, wanda ya gudu tun bai iya ajiye ƙafa ba. Babu Dou Laishun. Na dawo gida na ce wa kaina mai sassaƙa ne ya manta, na zauna jiran wani a cikinku ya ji kunya. Shekara ta fi goma, ba wanda ya ji.

To yanzu na ji hanyar mota za ta ratsa maƙabartar, za ku ɗauke Malam ku mayar da shi kusa da makarantarku ranar sharar kabari da ake yi duk shekara, har da sabon dutse. Wannan karon babu zancen mantuwa, ga shi na tuna maka. Na riga ka durƙusawa gaban Malam, na riga ka miƙa masa shayi. Sunana sama da naka zai zauna.

Sai abu na biyu. Inna Mu mai awara ta nuna mini kai a wayarta. Ka sha farin siliki, ka bar gemu, mutanen birni zaune gabanka ido a rufe, kana ba su labarin ranar da zuciyarka ta farka. Wai kana tsayuwar turke a bakin kogi cikin hunturu, hannuwa a buɗe kamar mai rungumar itace, sai ka ji wani buhu ya zame daga kafaɗarka ta hagu, ka ji ƙanƙarar kogi ta tsage, ka kasa gane ko ita ce ko ƙirjinka. Wata mata har da hawaye. Inna Mu ta dube ni ta ce, “Tsoho, wannan ya taɓa ɗaukar buhu kuwa? Dubi wuyansa kamar na agwagwa.”

Weiren, wane buhu? Ubanka magatakarda ne, kai kuma tunda aka haife ka alƙalami ne kayanka mafi nauyi. Kafaɗar nan tawa ce. Tun ina yaro nake dako a kanta har ta ɗage sama ta ƙi sauka. Ku Malam yana koya muku taici, yadda ake juya hannu da yadda ake sauke ƙafa, ni kuwa in na matso sai ya ce, “Kai ɗan dako, tsaya kawai.” Na tsaya, damina da rani, har safiyar da kafaɗar ta sauka da kanta, na yi ta kuka ni kaɗai kamar wanda aka yi wa duka. Ka cire ni daga dutse bai ishe ka ba, sai da ka haɗa da safiyata guda ɗaya tak. Ta yaya ma ka ji? Laɓe ka yi mini?

Ka gyara dutsen. Na bar ka lafiya.

Yayanka a hannun Malam,
Dou Laishun


Zuwa ga Dattijo Dou mai daraja,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta cikin natsuwa, na kuma ji daɗi da har yanzu kana fita bakin kogi. Matasanmu za su ƙaru da irin juriyarka.

Babu wanda ya manta da ɗawainiyar da ka yi wa Malam. Sai dai ƙa'idar gidan nan ba ni na kafa ta ba. Masu zuwa koyo suna da yawa, amma ɗalibin cikin gida shi ne wanda ya durƙusa ya miƙa shayi, Malam ya karɓa ya sha. Sunan irinsu kaɗai ake sassaƙawa. Ka durƙusa, ka miƙa, wannan ba a musu. Abin da aka sani a gidan nan shi ne Malam ya karɓi kofin ya ajiye, bai kai baki ba. A lokacin ban zo ba tukuna, don haka ba zan rantse ba, amma haka na tarar. Da ba ka taso da zancen ba, da ban faɗa ba.

Game da labarin buhu, ban yi maka laɓe ba. Guilan ce ta ba ni shi lokacin da muke buɗe makaranta, ta ce yana cikin abin da ya faru a gidan mahaifinta Malam. Na ga yana buɗe zukatan mutane, shi ya sa nake faɗarsa a kan kaina don ya fi shiga. Farkawa ba ta da mai ita, Dattijo. Wanda ya riƙe ta ya ce tasa ce, wani buhun ya sake ɗauka.

Muna gayyatarka ranar sharar kabari. An ajiye maka kujera cikin manyan baƙi, kuma mota za ta zo har ƙofarka. Na haɗo maka da rigar auduga mai ɗumi saboda fitar safe.

Naka cikin girmamawa,
Zong Weiren


Zuwa ga Pei Guilan, 'yar Malam

Ƙanwata Guilan,

Ina gaishe ki. Yaya tarin nan naki na hunturu? Kada ki daina shan citta.

Na mayar wa mijinki rigarsa, ki gaya masa ba sanyi na ce ina ji ba. Dattijo ya kira ni, kamar wani tsohon mai gadi. Ya ajiye mini kujerar baƙi a kabarin mutumin da na goya a bayana zuwa asibiti.

Amma ba shi ya hana ni cin abinci kwanakin nan ba, ke ce. Na zarge shi da laɓe, ashe ba laɓe. Duk duniya mutum ɗaya na gaya wa abin da ya same ni a bakin kogi. Safiyar ranar na shigo madafarku fuskata jiƙe da hawaye, kina dama kunun gero. Kika dube ni kika ce, “Yaya, wa ya mutu?” Na ce ba kowa, na zauna a kan itacen wuta na faɗa miki duka. Ko Malam ban gaya wa ba. Na roƙe ki kada ya fita, don in 'yan dako suka ji na yi kuka a tsaye, har in mutu ba zan huta da tsiyarsu ba. Kika zuba mini kunu kika ce maganar ta mutu a nan. Matata ta zauna da ni har ta rasu ba ta ji ba. Yau mai awara tana ji a waya, daga bakin wani.

Bar wannan tukuna. Mijinki ya ce Malam bai sha shayina ba, wai haka ya tarar. A bakin wa ya tarar? Mu uku ne a ɗakin ranar: ni, Malam, da ke riƙe da faranti. Goshina yana ƙasa, hannuwana sama da kaina, yadda aka ce in yi. Na ji kofin ya bar hannuna. Na ji shiru. Na ji an ajiye shi a kan tebur, sai Malam ya ce, “Tashi. Gobe ka zo da wuri.” Ban ga komai ba sai daɓen ɗakin. Tun daga ranar nake kiransa Uba kamar yadda ɗaliban cikin gida ke yi, bai taɓa hana ni ba. In bai sha ba, don me ya bar ni ina share masa tsakar gida rabin rayuwata ina zaton ni ɗa ne? In kuwa ya sha, don me kika tsaya kina kallo aka kafa dutsen can?

Kina tsaye daf da shi. Ki faɗa mini abin da idonki ya gani.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Laishun


Yaya Laishun,

Na amsa gaisuwarka, tarin ya yi sauƙi. Da fatan ka koma cin abinci. Weiren bai ga wasiƙarka ba, bai kuma san na rubuta wannan ba.

Maganar buhu ni ce, ba zan kare kaina ba. Da muka buɗe makaranta mutane suna zuwa suna tambayarsa yaya farkawa take, shi kuma ba shi da abin faɗa. Hannunsa yana da kyau, bakinsa yana da daɗi, amma abin nan bai taɓa zo masa ba, har yau. Na ga yana ramewa a gabana, sai na ba shi naka. Na ce a raina kai da kake da abin, me za ka yi da labarinsa.

Sai maganar shayi. Ka tuna kai ka zuba da hannunka? Ka cika kofin fal har baki, yadda 'yan dako ke cika wa babba kofin giya. Giya ake cikawa, Yaya. Shayi in ka cika wa mutum, kamar ka ce masa ya tashi ya tafi ne. Na so in taɓa ka ban samu dama ba. Ka ɗaga shi sama da kanka yana tangaɗi, da Baba ya karɓa sai ya zubo masa a yatsu da hannun riga, ga shi tafasasshe. Da na kwashe kayan zuwa madafa, kofin ba cike yake ba, ba kuma wayam ba.

Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan. Ka dubi halin da nake ciki. Ranar sharar kabari babban ɗalibi ne ke gaba, shi ke kunna turaren farko, sauran su durƙusa a bayansa. Ɗalibai za su zo daga garuruwa masu nisa, kowa ya san Weiren ne magajin Baba. In suka gan shi durƙushe a bayanka za su tambaya wane ne wannan tsohon. In aka ce ɗan dako ne daga bakin kogi, ba sai an ƙara musu komai ba, su da suka haddace labarin buhu. Makarantar za ta watse, shi kuma zuciyarsa ba lafiya, likita ya hana shi tashin hankali. Koyarwar Baba ce fa ake yi a nan, ko ta bakin wa take fita.

Baba ya so ka. Ya sha faɗa a gida cewa cikin duk waɗanda suka shigo ƙofarsa kai kaɗai ka iya tsayuwa. Wannan bai fi suna a jikin dutse ba? Mai sassaƙa zai fara aiki farkon wata. Ina roƙonka ka zo ka zauna a kujerar nan, ni da kaina zan girka maka abin da za ka ci.

Ka kula da gwiwoyinka.

Ƙanwarka,
Guilan


Guilan,

Na gaishe ki.

Eh, na cika kofin. A wurinmu wanda ka girmama shi kake cika wa, kuma da za a sake yau haka zan cika. Malam ya san daga inda na fito.

Ban tambaye ki nawa ya rage a kofi ba. Ban tambaye ki ko ya so ni ba, ai ko kare ana so. Buhun na bar wa mijinki, ya ci abinci da shi. Ya kunna turarensa na farko, ba zan matsa kusa ba. In kun ga dama ku sa ni ƙarƙashin Han, in ba ku ga dama ba ku bar wurin a shafe.

Amma na kusa zuwa inda Malam yake, kuma ban san da me zan kira shi ba in na gan shi. Mutum biyu suka ga abin da ya faru sama da kaina. Ɗaya za ku tono shi ku sake binnewa. Saura ke, kuma idonki a buɗe yake ranar.

Ya kai kofin bakinsa ko bai kai ba? Kalma ɗaya ce, ko ni da ban yi makaranta ba zan iya karanta ta. Kada ki aiko mota, kada ki aiko abinci. Ki amsa mini, Guilan.

Dou Laishun