Hagun Rabo

Zuwa ga ƙanena Wada, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Shatu, ya sa albarka a nemanku. Mu nan Cadawa lafiya lau. Gero ya yi, gyaɗa ta fi shi, Inna kuma sai ciwon gwiwa da tambayar yaushe za ka dawo. An kafa sabuwar tuta a ƙofar lakol, makarantar boko, yara sai kallonta suke kamar za ta yi magana.

Yanzu ka gyara zama, maganar ɗanka Rabo ce. Kun bar shi a Gangara wurin Tata, matar Baffa Ɗan Bala, kuna cewa ta iya riƙon yaro. To, ta iya! Da ta ga bahago ne, sai ta dunƙule masa hannun hagu, ta naɗe da tsumma, ta ɗaure da igiyar kaba, duk tsawon damina. Ran kasuwar Gangara na biya in gan shi, na kwance ƙullin da kaina, na tarar yatsun sun ƙage kamar ƙafar kaza, ko ƙosai ba ya iya riƙewa. Yaro ɗan shekara huɗu! Da na yi magana, sai ta ce wai gyara ta yi mana, a gidanta ba a cin tuwo da hannun tsarki. Na goya shi muka taho. Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye maka ba.

Tun ran nan ba ni da aiki sai hannun. Da safe in gasa shi da ruwan ɗumi, in murza da man shanu. Sannan in zuba masa wake a faifai ya tsince tsakuwa, ya cire angurya daga auduga, mu gina shanun laka, shi ke murza ƙahonin. Ɓarar gyaɗa ce ta fi ba shi wuya: ya matsa ta ƙi, ya jefar ya kumbura baki, in ɗauko in sake ba shi. Yanzu ya iya, sai dai rabin abin da ya ɓare cikinsa yake tafiya, ɗan ɓarawo. Jiya har duwatsun wuyana ya zura a zare. Ƙaramin yatsa ne bai miƙe ba har yau, kuma in ya ji muryar babbar mace a ƙofar gida sai ya cusa hannun a hammata. Duk ran da na ga haka, zuciyata tafasa take.

Baffa ya aiko wai in yi haƙuri, a duba zumunci. Ban haƙura ba. Bayan ƙaramar salla za a aurar da Salamatu ƴar Tata, Gangara duk za ta taru. Zan kai Rabo cikin sabuwar riga, in ba shi goro, ya ratsa tsakiyar mata ya miƙa wa Tata da hagun. In ta karɓa, ta karɓa daga hannun da ta ƙyamata. In ta ƙi, ni zan miƙe in gaya wa dangin ango dalili, yadda na bayan danga ma za su ji.

Inna tana gaishe ku, Rabo yana gaida uwarsa. Ka ce wa Shatu ta kwantar da hankalinta, ka gaishe mini da Malam Hayatu mai masaukinku. Kada ka aiko mini da wa'azi, ba zan saurara ba. Goron kawai za ka aiko, fari, babba, wanda zai cika masa tafi.

Ni ce yayarka,
Suwaiba.